« Billion »: kalma guda, lissafi biyu



Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya zauna bisa bencin lise ya koyi Ingilishi bayan ya riga ya ƙoshi da Faransanci ya san gaskiyar wannan karin magana, domin harsunan nan biyu cike suke da kalmomi masu fuska ɗaya amma zuciya daban. Ɗan lakkwal ya ga « library » sai ya zaci kantin sayar da littattafai ne kamar « librairie », alhali ɗakin karatu ne. Ya ga « actually » sai ya ce « actuellement » ce, wato yanzu, alhali ma'anarta « a gaskiya ». Yawancin irin waɗannan kalmomi in sun yaudare ka, abin da za ka samu bai wuce dariyar abokai ko jan alƙalamin mushe ba. Amma akwai guda wadda in ta yaudare ka sai ta ninka maka lissafi har sau dubu ba tare da ka lura ba. Kuma da yake ba ta fitowa sai inda ake zancen dukiyar ƙasa, da bashi, da taimako, da yawan jama'a, kuskurenta ba abin wasa ba ne. Ita ce « billion », kuma a kanta za mu tsaya wannan mako.

Ranar da na cika duniya da mutane

Bari in fara da laifin kaina. Ranar 15 ga watan Nuwamba na 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa yawan mutanen duniya ya kai miliyar 8. Labarin ya zo hannuna da Ingilishi, dare ya yi, maɗaba'a tana jira, sai na juya shi zuwa Faransanci cikin gaggawa. Na ga « 8 billion », na rubuta « 8 billions », na kama hanyar gida ina jin na gama aiki.

Bayan kwana biyu wani dattijo, tsohon mushe da ya daɗe da yin ritaya, ya iske ni a biro da jarida naɗe a hannunsa. Ya zauna, muka gaisa, ya buɗe shafin, sai na ga ya zagaye kalmar da jan alƙalami. Ya ce: « Ɗana, ina ka ajiye sauran mutanen? » Na ce: « Waɗanne mutane, Baba? » Ya ce: « Ka ce mu dubu takwas ne na miliyar. Na yi lissafi, in haka ne, kowane kilomita murabba'i na doron ƙasa, har da Tenere, ya kamata a iske mutum fiye da dubu hamsin a cikinsa. Ni kuwa daga gida zuwa nan ban ga wannan cunkoso ba. »

Dattijon ya yi gaskiya, lissafinsa kuma daidai yake. Tun ranar nan ban sake haɗuwa da kalmar ba sai na tsaya na ƙidaya sifiri.

Abin da kalmar take nufi

A Ingilishin yau, ko na Amurka ne ko na Ingila ko na Najeriya da Gana, « billion » miliyon dubu ce: lamba 1 da sifiri 9, wato 1.000.000.000. Wannan adadi shi ne Faransanci ke kira « milliard », mu kuma a nan muka ara muka ce miliyar.

A Faransanci kuwa akwai kalmar « billion », harafi da harafi iri ɗaya, amma ma'anarta miliyon sau miliyon ce: lamba 1 da sifiri 12, wato 1.000.000.000.000, ko kuma miliyar dubu. Wannan adadi shi ne Ingilishi ke kira « trillion ». Tarkon bai ƙare nan ba, domin Faransanci ma yana da tasa « trillion », wadda take da sifiri 18. Ashe wanda ya bar « billion » yadda take wajen fassara ya ninka adadi sau dubu, wanda kuwa ya bar « trillion » yadda take ya ninka shi sau miliyon.

Sifiri abu ne da ido ke tsallakewa, saboda haka bari mu mai da su abin da hankali zai kama. Daƙiƙa miliyon guda kwana 11 ne da rabi. Daƙiƙa miliyar guda ta kusa shekara 32. Daƙiƙa miliyar dubu kuwa ta haura shekara 31.000. Ko mu ɗauki ma'aikacin da ke karɓar jika ɗari a wata, bai ci bai sha ba, bai biya haya ba: cikin wata goma zai tara miliyon, amma kafin ya tara miliyar sai ya yi aikin shekara 833 da wata huɗu. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin kalmomin da muke ji kullum a rediyo suna wucewa kamar ƴan uwan juna.

Ga ɗaliban da ke shirin jarrabawa akwai wani abin kiyayewa na nahawu. Faransanci yana ƙara harafin jam'i da kalmar haɗi, ya ce « cinq milliards de dollars ». Ingilishi kuwa in lamba ta gabata ba ya ƙara kome, sai ya ce « five billion dollars ». Ba ya sa mata harafin jam'i sai in ba a ƙayyade adadi ba, kamar « billions of dollars », abin da mu za mu ce dubban miliyoyi, ko kuɗi ba iyaka. A kanun labarai kuma sukan gajarta ta su rubuta « bn » bayan lamba.

Yadda hula ta sauya kai

Mi ya kawo wannan ruɗani? Abin mamaki, Faransawa ne suka haifi kalmar, kuma su ne suka haifi ma'anonin duka biyu.

Ita « million » daga Italiya ta fito, asalinta « babban dubu ». A shekarar 1484 wani masanin lissafi mai suna Nicolas Chuquet, mazaunin birnin Lyon, ya rubuta littafin ilimin lambobi inda ya tsara sunayen manyan adadi. Dabararsa mai sauƙi ce: yana raba lambobi shida-shida. Rukuni na farko bayan dubbai shi ne miliyon. Na biyu ya sa masa « bi », wato biyu, ya zama miliyon sau miliyon. Na uku ya sa masa « tri », wato uku, ya zama miliyon sau miliyon sau miliyon. Kowane sabon suna yana ƙara sifiri shida. Da wannan ma'ana ce kalmar ta ƙetara teku ta shiga Ingila, kuma Ingila ta riƙe ta haka shekaru ɗaruruwa.

Daga baya, wajen ƙarni na 17, wasu masana lissafi a Faransa da Italiya suka koma raba lambobi uku-uku, kamar yadda muke yi yau. Sunayen suka bi sabon rabon: kowane suna ya koma ƙara sifiri uku kaɗai, « billion » ta sauko daga sifiri 12 zuwa 9. Wannan sabon lissafi ya zama na makarantun Faransa, har ƙamus ɗin Littré na ƙarni na 19 ya fassara kalmar da miliyon dubu. Amurka kuma, da ta tashi tsara karatun ƴaƴanta, lissafin Faransawa ta bi, ta bar na Ingila.

Sai ga shi a ƙarni na 20 kowa ya tuɓe hularsa ya sa ta maƙwabci. A 1948 babban taron ƙasashe kan ma'auni ya kawo shawarar ƙasashen Turai su koma ga tsohon lissafin shida-shida, kuma Faransa ta tabbatar da haka cikin doka mai lamba 61-501 ta ranar 3 ga Mayu 1961. Ingila kuwa, ganin yadda harshen kuɗi da ciniki na Amurka ya mamaye duniya, sai ta saki nata. A watan Disamba na 1974 firaministanta Harold Wilson ya shaida wa majalisar dokoki cewa gwamnati za ta riƙa amfani da kalmar da ma'anar miliyon dubu. Wato Faransa ta koma inda Ingila take, a daidai lokacin da Ingila ke shirin komawa inda Faransa ta taso.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai bincike. Wanda ya buɗe littafin da aka buga a London kafin 1974, ko wanda aka buga a Paris cikin ƙarni na 19, kada ya yi saurin yanke ma'ana sai ya duba shekara da wurin bugu. Kuma ba mu kaɗai ne abin ya raba ba. A Kanada mai Ingilishi da mai Faransanci suna ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, amma kalmar ma'ana biyu gare ta. Haka Brazil da Portugal: harshe ɗaya suke yi, amma ta farko tana bin lissafin Amurka, ta biyu tana bin na Turai. Jamusawa na tare da Faransawa, Larabawa kuma galibi « milyar » suke cewa kamar mu.

Ta shigo gidanmu ta ƙofa biyu

Kakanninmu ba su rasa hanyar ƙidaya manyan adadi ba. Suna da dubu, suna da zambar, sun aro metan da alif daga Larabci, kuma zamanin wuri sukan ɗinke dubu ashirin cikin keso guda. Amma miliyon da abin da ya fi shi, da Nasara suka zo mana, kuma Nasaran iri biyu ne. Shi ya sa kalmar « Turanci » kanta take da fuska biyu: a Tawa in aka ce yaro ya iya Turanci, sau da yawa Faransanci ake nufi, a Katsina kuwa Ingilishi.

Haka lissafi ya rabu. Bahaushen Kano da Sakkwato ya ari « biliyan » da « tiriliyan » daga Ingilishi. Bahaushen Maraɗi da Damagaram ya ari « miliyar » daga Faransanci. Dukkansu daidai suke, babu wanda ya yi kuskure: biliyan ita ce miliyar, tiriliyan kuma ita ce miliyar dubu. Matsalar tana tasowa ne a tsakiya, wurin irinmu da muka yi lakkwal. Alhajin da ke kai da kawowa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ko tsakanin Ƙonni da Illela, ya daɗe da sanin cewa biliyan da miliyar abu guda ne, domin aljihunsa ya koya masa. Amma ɗansa da ya ji « biliyan » a gidan rediyon waje, ya buɗe ƙamus na Faransanci ya ga miliyon sau miliyon, shi ne zai zo ya gyara wa mahaifinsa lissafin da ba shi da kuskure. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ga misalai daga labaran da muka ji da kunnenmu. A watan Oktoba na 2005 ƙasashen da ake kira Kulob ɗin Paris suka yafe wa Najeriya dalar Amurka biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30 da suke bin ta, ita kuma ta biya sauran ta gama a watan Afrilu na 2006. A bakinmu na nan, miliyar 18 ke nan daga cikin miliyar 30. Kasafin kuɗin Najeriya na 2024 da aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairun shekarar ya kai naira tiriliyan 28 da ɗoriya, wato sama da miliyar 28.000. Namu kasafin na 2023, wanda aka rage cikin watan Oktoba na shekarar daga kimanin miliyar 3.290 na sefa zuwa kimanin miliyar 1.980, kafofin labarai masu Ingilishi sun ba da shi a matsayin « 1.98 trillion ». Adadi ɗaya ne, riga ce ta bambanta. Amma da wani mai gaggawa irina ya kwafe kalmar ya zuba ta cikin Faransanci yadda take, da ya ba Nijar dukiyar da duniya kakaf ba ta mallaka ba.

Haka zancen attajirai. « Billionaire » na Ingilishi shi ne « milliardaire » na Faransanci, amma dole a tambaya: miliyar na wane kuɗi? In mujallar Forbes ta ambaci Aliko Ɗangote cikin jerin masu wannan laƙabi, dalar Amurka take ƙidayawa. Mai miliyar guda na sefa kuwa, in ya canza shi, yuro miliyon ɗaya da rabi da ƴan kai zai riƙe. Attajiri ne babu shakka, amma ba sahunsu ɗaya ba.

Waƙafi da ɗigo

Kalmar tana da abokin ɓarna da ke tafiya tare da ita, shi ne alamar raba lambobi. Mu an koya mana raba dubbai da ɗigo ko da ɗan fili, mu raba gutsure da waƙafi. Masu Ingilishi akasin haka suke yi. Tun 1999 darajar yuro guda a kuɗinmu ita ce abin da muke rubutawa 655,957, wato sefa ɗari shida da hamsin da biyar da gutsure. Ɗan Kano da ya ga wannan rubutu zai karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗari tara da hamsin da bakwai. Hakanan in shi ya rubuta « 1.500 billion » yana nufin biliyan ɗaya da rabi, mu sai mu karanta dubu da ɗari biyar. Nan ma kuskuren sau dubu ne, kuma in ya haɗu da na farko sai ya zama sau miliyon.

Mi ya shafi talaka?

Wani zai ce: mu da ke ƙidaya dala-dala a kasuwa, ina ruwanmu da sifiri tara ko goma sha biyu? Amsar ita ce kuɗin da ake ambata da waɗannan kalmomi namu ne. Harajinmu ne, kuɗin uraniyom da man ƙasarmu ne, bashin da ƴaƴanmu za su biya ne. Yarjejeniyoyi da rahotanni da yawa na manyan bankuna da ƙungiyoyin agaji da Ingilishi ake fara rubuta su, sannan a juya su zuwa Faransanci, sannan ɗan jarida ya juya su zuwa Hausa ko Zabarmanci. Kowace juyawa ƙofa ce da sifiri uku ke iya shiga ko fita.

In suka shiga, sai a sa wa jama'a ran abin da babu, daga baya a zargi wanda bai ci ba. In suka fita, sai wanda ya ci ya samu wurin ɓuya. Mu ɗauka, don misali kawai, ana gina aji guda na lakkwal da miliyon goma. Miliyar guda ke nan aji ɗari ne. Mutumin ƙauyen da ya san haka, in ya ji an ce an ware miliyar biyu don gina azuzuwa a jiharsa, ya san abin da zai fita ya ƙidaya. Wanda kuwa miliyon da miliyar da biliyan duk ƙara ɗaya suke yi a kunnensa, « kuɗi masu yawa » kaɗai zai ji, ya jinjina kai ya wuce. Ba a bin bahasin abin da ba a san yawansa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma cikin duhu ne hannu ke shiga rumbu.

Shi ya sa nauyin ya fi hawa kanmu, mu ƴan jarida da tafintoci da malaman makaranta. Mutumin da ke saurarenmu ba shi da hanyar ganin takardar asali. Abin da muka faɗa shi ne ya ji.

Abin da muka tsayar

A wannan shafi, daga yau, ga ƙa'idar da za mu bi, kuma muna roƙon abokan aikinmu na gidajen rediyo su duba ko za ta yi musu.

Na farko, « billion » ta Ingilishi miliyar ce, « trillion » ta Ingilishi miliyar dubu ce. In muka kawo magana daga bakin ƴan uwanmu na Najeriya za mu bar musu biliyan da tiriliyan ɗinsu, mu faɗi daidai da su a namu lissafin.

Na biyu, « billion » ta Faransanci mu bar ta cikin ƙamus. Su kansu jaridun Faransa ba su cika amfani da ita ba, « mille milliards » suka fi cewa, kuma hikima ce.

Na uku, kada a ambaci babban adadi ba tare da sunan kuɗin ba: sefa ne, naira ce, yuro ne ko dalar Amurka. A nan ma sai an kiyaye, domin « dala » a kasuwarmu sefa biyar ce.

Na huɗu, in ana shakka a rubuta lambar duka da sifirinta a ƙidaya su da yatsa, sannan a tambayi kai kamar yadda dattijon nan ya tambaye ni: in wannan adadi gaskiya ne, mi ya kamata idona ya gani? Miliyon jika dubu ce, miliyar kuwa jika dubu har sau dubu. Wanda ya riƙe wannan ba za a ruɗe shi da sauƙi ba.

Tsohon mushen da zai tashi ranar nan, sai ya bar mini jan alƙalaminsa bisa tebur, ya ce shi ya gama aiki da shi, ni ne nake bukatarsa. Yana nan har yanzu, kuma da shi na bi lambobin wannan rubutu ɗaya bayan ɗaya kafin in miƙa shi. In duk da haka wani sifiri ya tsere mini, ƙofarmu a buɗe take ga wasiƙunku, haka kuma ga duk wata kalmar da ta taɓa ba ku wahala.

Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.